Kwana huɗu suka rage mu miƙa aiki, manhaja na cire wa kwastoma kuɗi sau biyu, na rasa inda bog ɗin (kuskuren kod) yake

Sabon_Hannu, Litinin da dare:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu rubuta kod, don Allah ina neman agajinku, wallahi kaina ya ɗau zafi.

Manhajar saye da sayarwa muke ginawa, ni ke riƙe da ɓangaren saba (kwamfutar da ke amsa buƙatun wayoyi), kod ɗin a Node.js yake gudana, databes (ma'ajiyar bayanai) kuma PostgreSQL, saba biyu a bayan lod-balansa mai raba musu aiki. Ranar Juma'a aka yi alkawarin buɗe wa jama'a, yau kuma Litinin. Tun makon jiya muka ba mutane kaɗan su gwada da katinsu na gaske, sai ga mutum uku sun kawo ƙorafi an cire musu kuɗi sau biyu a oda ɗaya. Na buɗe teburin biya a databes na duba, tabbas layi biyu ne, oda ɗaya, adadi ɗaya.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne akwai bincike a kod ɗin. In rikwes (buƙatar biya daga waya) ya shigo, sai na fara yin SELECT, wato karanta tebur, na ga ko lambar biyan nan tana tebur, in babu sai na kira kamfanin da ke cire kuɗi a kati, in sun ce ya tafi sai na yi INSERT, wato na rubuta sabon layi a tebur. A kwamfutata na danna na sake dannawa ya fi sau ɗari, ko sau ɗaya bai maimaita ba. Kuma ai Node zare ɗaya ne, wato abu ɗaya yake yi a lokaci guda, to ta yaya rikwes biyu za su yi karo?

Jiya da shekaranjiya ban yi barcin kirki ba. Na sa an kashe madannin biya da zarar an taɓa shi, na ƙara ɗan jinkiri na sakan biyu kafin SELECT ɗin, na kuma ɗaga laburaren databes (kod ɗin da ke haɗa mu da databes) zuwa sabon fitowa ko shi ne. Yau da yamma wani ya sake cewa an cire masa sau biyu. Oga ya ce gobe zai ƙaro min mutum biyu daga wani aikin, wai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni dai ban san me zan ba su ba tunda ni kaina lalube nake. Ta ina zan kama?

Tsohon_Mai_Saba:

Wa alaikumussalam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, wannan ciwon sananne ne kuma yana da magani, kwana huɗu sun isa in ka daina lalube.

Da farko zancen zare ɗaya. Gaskiya ne kod ɗinka na JavaScript a zare ɗaya yake gudana, amma duk inda ka rubuta await, wato a jira amsa, to ka saki linzami ne, Node zai ajiye wannan rikwes ɗin ya ɗauki wani. Yanzu ka ƙirga await nawa ne tsakanin SELECT ɗinka da INSERT ɗinka, kuma ɗaya daga cikinsu kira ne zuwa wani kamfani ta intanet wanda ba ka da iko da lokacin da zai amsa. Rikwes na farko ya duba tebur bai ga komai ba, ya tafi jiran kamfanin kati. Yana can yana jira na biyu ya shigo, shi ma ya duba bai ga komai ba saboda na farkon bai rubuta ba tukuna, shi ma ya tafi ya cire. Su biyun kowa ya yi abin da ka ce masa daidai. Balle ma saba biyu gare ka, ko da Node bai saki linzami ba, ɗaya sabar ba ta san me 'yar uwarta ke ciki ba. A kwamfutarka ba ka ganin abin ne saboda asusun gwaji na kamfanin yana amsawa nan take, ƙofar ba ta daɗewa a buɗe.

Kuma kar wani ya ce maka ka naɗe su cikin BEGIN da COMMIT (umarnin buɗe aiki a databes da na tabbatar da shi) shi kenan. PostgreSQL in ba ka canza masa ba a matakin Read Committed yake aiki, ma'ana abin da wani bai yi COMMIT ba kai ba ka ganinsa, don haka dukansu biyu za su ga tebur wayam su wuce.

Amma kafin ka taɓa ko layi ɗaya na kod, yi min abu ɗaya a daren nan, minti biyar ne. Ɗauko layukan nan da suka maimaita ka jera su, ka duba abu biyu: tazarar lokacin da ke tsakanin shigowar rikwes ɗinsu, da kuma lambar biyan, shin iri ɗaya ce a layukan biyu ko kowane da tasa? In tazarar 'yan milisakan ce to danna biyu ne. In kuma sakanni ne da yawa kuma kusan adadi ɗaya kullum, to wani abu ne ke sake turawa da kansa. Dawo ka faɗa min, maganin ya danganta da amsar.

Jinkirin sakan biyun nan kuma cire shi yanzu, ba ya hana komai, sai dai ya sa abin ya ƙara wuyar kamawa.

Maman_Kod:

Ɗan uwa sannu da fama. Yaya Tsohon_Mai_Saba ya riƙe maka ɓangaren kod, ni bari na yi magana a kan wa'adin da ogan, don na ja ragamar tawaga kuma na ga yadda makon ƙarshe ke cinye mutane.

Abin da ya fi tsaya min a rubutunka shi ne ka canza abu uku cikin kwana biyu ba tare da ka iya tayar da bog ɗin da hannunka ba. To ko da ya lafa ya za ka san wanne ne ya yi aiki, ko ma lafawar ƙarya ce? Ɗaga laburaren nan musamman, ka mayar da shi yadda yake. Sabon fitowa na zuwa da nasa halin, mako irin wannan ba lokacin sabawa da baƙo ba ne. Canji ɗaya, komit (ajiye canjin a tarihin kod) ɗaya, gwaji ɗaya. Wasu za su ce ka yi git bisect, kuma kayan aiki ne mai kyau ƙwarai, yana raba tarihin komit gida biyu yana sake rabawa, komit 1000 a gwaji kamar 10 zai nuna maka mai laifi. Sai dai yana buƙatar abu biyu, wani komit da ka san lafiya lau yake, da kuma gwajin da zai ce maka eh ko a'a kowane zagaye. Kai ba ka da ko ɗaya a yanzu, kuma ina kyautata zaton da wannan lahanin aka haifi kod ɗin tun ranar farko.

Batun ƙaro mutane. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, tun 1975 ya rubuta cewa ƙara mutane a aikin manhaja da ya makara ƙara masa makara yake yi. Dalilin a fili yake, sabon zuwa sai an koya masa, kuma wa zai koya masa in ba kai ba, kai ɗin da ya kamata ka zauna shiru da bog ɗin. Ga kuma yawan magana, mutum 3 hanyoyin tuntuɓa 3 ne tsakaninsu, mutum 5 sun zama 10, mutum 10 kuwa 45. Amma ban ce ka ƙi su ba, kar ka ba oga kunya. Ka ba su aikin da ba ya bi ta kanka. Ɗaya ya rubuta sikirif, wato ɗan gajeren kod, da zai gwama teburin biyanku da rahoton kamfanin kati ya fito da duk wanda aka cire wa sau biyu, don wallahi ina jin ba huɗun nan ne kaɗai ba, wasu ba su lura ba ne. Ɗayan kuma ya bi sauran manhajar yana gwadawa. Kar ɗayansu ya taɓa fayil ɗin biya.

Sannan gobe da safe, ba Alhamis da dare ba, ka zauna da oga ka faɗa masa gaskiya da harshen da zai gane. Kar ka ce masa "ina ƙoƙari". Ce masa kuɗin mutane ne ke fita sau biyu, ga abin da muke zargi, zuwa Laraba da yamma zan faɗa maka ko ya gyaru, in bai gyaru ba zaɓi biyu ne, ko mu buɗe ranar Juma'a da biyan kati a kashe ko mu ɗaga ranar. Shugaba na iya haɗiye mummunan labari in ya zo da wuri yana da sauran dabara, wanda ba ya yafewa shi ne wanda ya ji ana saura awa uku.

Sabon_Hannu, Talata da safe:

Allah ya saka muku da alheri. Yaya na duba kamar yadda ka ce, kuma jikina ya yi sanyi. Tazarar sakan 10 ce da 'yan kai a dukansu huɗu. Kuma lambar biyan BA iri ɗaya ba ce, kowane layi da tasa! Na je na tambayi abokin aikina mai rubuta manhajar waya, ashe ya sa in sakan 10 suka wuce saba ba ta amsa ba, waya ta sake turawa da kanta, kuma a cikin fankshon (ɓangaren kod) ɗin turawar ne ake ƙirƙirar lambar, don haka kowane zagaye sabuwa ce fil. Kenan SELECT ɗina ko shekara zai yi ba zai taɓa ganin maimaici ba. Na duba log, wato rajistar abin da saba ta yi, a lokutan nan kamfanin kati ya ɗauki sakan 12 zuwa 15 kafin ya amsa.

Yanzu damuwata, gyaran waya sai an fitar da sabuwar manhaja an jira Google Play da App Store su amince, kuma masu tsohuwar ba lallai su sabunta ba. Akwai abin da zan iya yi daga saba ni kaɗai?

Hajiya Maman_Kod na mayar da laburaren, na kuma yi magana da oga kamar yadda kika ce. Ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce to Laraba da yamma.

Dan_Redis:

Oga abin nan mai sauƙi ne fa, kar a tsawaita. In kuna da Redis, ma'ajiyar bayanan nan mai sauri, sa makulli kawai, SET da NX da EX a kan lambar odar, wanda ya fara kamawa ya wuce, na biyu ya tarar a kulle ka mayar da shi. Layi biyar ne, saba biyun duk Redis ɗaya suke kallo, cikin awa ɗaya ka gama ka je ka kwanta. Ni haka nake yi kuma bai taɓa ba ni matsala ba. Mai wa'adi a wuya ba ya tsayawa gyaran tebur.

Tsohon_Mai_Saba:

Madalla ƙanena, ka ga amfanin duba bayanai kafin gyara. Da na ce maka ka sa UNIQUE, dokar hana maimaici, a kan lambar biya jiya, da ka yi, da ka kwanta da murna, Juma'a abin ya dawo.

Dan_Redis, dabararka na rage abin sosai ban musa ba, amma ka amsa min wannan: sakan nawa za ka ba makullin? In ka ce 10, kamfanin ya ɗauki 15, makulli ya buɗe kansa na farko na nan bai gama ba, an gudu ba a tsira ba. In ka ce minti biyar, saba ta mutu a tsakiya, kwastoma ya maƙale minti biyar kuma bayan nan ba wanda ya san an cire ko ba a cire ba, don makullin ba ya ajiye tarihi. Ga kuma rikwes da zai zo bayan na farko ya gama ya saki makulli, shi ma sai ya wuce tunda lambarsa sabuwa ce. In kuɗi ne a tsakani, ni databes nake bari ya yi alƙalanci, kuma ba ya fin naka tsawo da yawa.

Sabon_Hannu, eh za ka iya daga saba. Abin da ba ya canzawa tsakanin turawa ta farko da ta biyu shi ne lambar oda, to a kanta za ka kafa doka: oda ɗaya ba ta da biya mai rai fiye da ɗaya. PostgreSQL na ba ka damar yin UNIQUE INDEX (indes mai hana maimaici) mai sharaɗi, wato a kan lambar oda amma da WHERE matsayin biyan yana "ana jira" ko "ya tafi". Wanda ya faɗi ba ya cikin dokar, saboda haka mutumin da katinsa ya ƙi zai iya sake gwadawa.

Sai ka juya tsarin aikin, nan ne zuciyar gyaran. Ka fara rubutawa kafin ka kira kowa. Rikwes na shigowa ka yi INSERT da matsayin "ana jira" tare da ON CONFLICT DO NOTHING da RETURNING, wannan yana nan tun fitowa ta 9.5 don haka kana da shi. In layi ya dawo maka, kai ne na farko, yi COMMIT nan take sannan ka kira kamfanin kati, in sun amsa ka sabunta matsayin. In ba abin da ya dawo, wani ya riga ka, kar ka kira kamfanin ko kusa, karanto matsayin layin da ke nan ka mayar wa waya. Ka lura na ce COMMIT kafin kiran. In ka bar shi a buɗe kana jiran kamfani, INSERT na biyu zai tsaya yana jiran na farko, kowane na riƙe da layin haɗi da databes, kuma PostgreSQL haɗi 100 ne iyakarsa in ba a ƙara ba, ranar cunkoso sai su ƙare komai ya tsaya.

Tarko biyu a wajen kafa indes ɗin. Ba zai kafu ba matuƙar akwai maimaici a tebur, don haka sai kun fara mayar wa mutanen kuɗinsu kun canza matsayin layukan da suka yi yawa, kar ka goge su, shaida ce. Sannan ka yi amfani da CONCURRENTLY don kar ya hana rubutu a tebur yayin ginawa, shi kuma ba ya gudana a cikin BEGIN, kuma in ya faɗi a hanya yana barin gurgun indes mai alamar INVALID wanda sai ka cire shi ka sake.

Ka kuma duba takardun kamfanin katinku ko suna karɓar mabuɗin hana maimaici. Stripe misali suna da Idempotency-Key, in ka tura buƙata biyu da mabuɗi ɗaya amsar farko za su sake ba ka ba tare da sun sake cirewa ba. In naku na da irinsa, ba su lambar layin nan naka na "ana jira".

Kuma kafin duk wannan, tayar da bog ɗin da hannunka. Yi kamfanin kati na bogi a kwamfutarka wanda ke jira sakan 15 kafin ya amsa, ka harba rikwes 50 lokaci guda da Promise.all, oda ɗaya lambobi daban-daban. Sai ka ga layi 50 da idonka, sannan ka yi gyaran, ka sake harbawa.

Mai_Aikin_Dare:

Ni ba ni da abin ƙarawa a kan maganin, amma tunda za ka taɓa teburin kuɗi na gaske bari na faɗa maka abin da ya same ni. A wani wuri da na yi aiki, mako irin naka, wajen ƙarfe uku na dare ina gyaran matsayin wasu layuka, na zaɓi rabin umarnin na danna, WHERE ɗin da ke iyakance layukan da za a taɓa ya rage a layin ƙasa bai shiga ba. Har yanzu ina ganin adadin da ya fito a allo, tebur ɗin gaba ɗaya. psql kuwa, manhajar tura umarni ga PostgreSQL, kai tsaye yake COMMIT in ba ka buɗe BEGIN da kanka ba. Kwafin ajiya na jiyan ne ya cece mu, amma sai da muka kwana biyu muna cike gurbin yinin da ya ɓace da hannu, ga mutane na kira.

Don Allah ka ɗauki kwafi da pg_dump kafin ka fara. Rubuta BEGIN, yi UPDATE ɗin canza matsayin, karanta adadin layukan da ya taɓa da babbar murya, in ya yi daidai da abin da kake tsammani sai COMMIT, in ba haka ba ROLLBACK ka soke. Ka sa ɗaya daga mutanen da aka ƙaro maka ya zauna kusa da kai yana kallon allon. Kuma da rana za ka yi, bayan ka yi barci. Yau ka kwanta da wuri, da gaske nake, idon da ya kwana biyu a buɗe ba ya ganin WHERE.

Maman_Kod:

Ƙarin abu ɗaya tunda saba biyu ne. In ka zo ɗora gyaran ka tabbatar dukansu sun ɗauka, ka shiga kowace ka duba lambar komit ɗin da ke gudana. Kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka, ranar 1 ga Agusta 2012, sun ɗora sabon kod a saba 7 cikin 8, ta takwas ɗin ta ci gaba da tsohon, cikin kimanin minti 45 suka yi asarar kusan dala miliyan 440. A wajenka in saba ɗaya ta rage da tsohon kod, za ta riƙa cire kuɗi tukuna sannan INSERT ɗinta ya ci karo da sabon indes ya faɗi, kenan an cire wa mutum kuma babu ko layi a teburinka, wannan ya fi na yanzu muni. Saboda haka a kashe biyan kati na ɗan lokaci, a ɗora a duka biyun, a kafa indes, sannan a kunna.

Sabon_Hannu, Laraba da yamma:

Alhamdulillah 'yan uwa. Jiya na yi kamfanin bogin, harbi na farko layi 50 cif suka shiga, ban taɓa murnar ganin bog irin ta jiya ba. Bayan gyaran na harba ya fi sau ashirin, kullum layi 1, kira 1 zuwa kamfani. Sikirif ɗin gwamawa ya tono ƙarin mutum biyu da ba su ma san an cire musu ba, an mayar wa duka shidan. Yau da hantsi muka kashe biyan kati, muka ɗora, na duba komit a saba biyun kamar yadda Hajiya ta ce, abokin aikina na zaune kusa da ni har na gama UPDATE ɗin. Na kwanta ƙarfe goma jiya Malam Mai_Aikin_Dare. Mai manhajar waya ma ya gyara nasa, lambar yanzu sau ɗaya ake ƙirƙira ta a ajiye, zai fita a sabuntawa ta gaba. Oga ya ce Juma'a na nan, amma shafin rangwame da ba mu gama ba an ɗage shi.

Saura tambaya ɗaya Yaya. A gwaji na kashe saba da gangan tana tsakiyar jiran kamfani, layin ya maƙale a "ana jira", odar kuma ta ƙi karɓar sabon biya. Na yi tunanin na sa duk wanda ya wuce minti biyar ya koma "ya faɗi" da kansa, ya ka gani?

Tsohon_Mai_Saba:

A'a ƙanena, kar ka yi haka. Shirun da ka ji ba ya nufin ba a cire ba, mai yiwuwa kamfanin ya cire amsar ce ba ta iso ka ba, in ka ce ya faɗi mutumin zai sake biya ka koma gidan jiya. Rubuta ɗan aiki da zai riƙa tashi kowane minti ɗaya ko biyu, ya ɗebo layukan da suka daɗe a "ana jira", ya tambayi kamfanin matsayin kowanne da lambarsa, abin da suka ce shi za ka rubuta. Wanda suka kasa ba da amsa a kansa ka bar shi yadda yake, ka tura wa mutum sanarwa ya duba da ido. A waya kuma a nuna wa kwastoma ana tabbatar da biyansa kar ya sake. Tunda saba biyu ne, ɗebo layukan da FOR UPDATE SKIP LOCKED don kar su biyun su kama layi ɗaya. Ka gama wannan gobe kafin azahar, ka turo min yadda ka rubuta SELECT ɗin na duba maka.